A Hukumance Damina Ba Ta Fara Ba

Jama'a, da mura nake rubuta muku shafin wannan makon, saboda haka in kun ga wata kalma ta karkace, atishawa ce ta ture biro. Murar kuwa ba a titi na tsince ta ba, a ofishin hukuma na kwaso ta, kuma yau mako biyu ke nan ta ƙi sakina.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru na fita da sassafe a kan ɗan babur ɗina. Na yi awa uku a layin mai, saura mutum biyu a zo kaina aka ce famfo ya gaji. Na tura babur ɗin zuwa rumfar maƙwabcina Mai Faci, na kama hanya a ƙafa. Ban kai rabi ba sama ta ɓalle da ruwa. Na isa ofishin da ke lura da kayan tarihi, wanda mu a layinmu muke kira Ofishin Kar A Taɓa, ruwa na zuba daga hulata har cikin takalmi. Na tarar da Mai Hatimi, wato jami'in da ke ba da takardar izini, ya ja teburinsa gefe saboda silin na yoyo, an tara bokiti a tsakiyar ɗaki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na dawo kan maganar izinin yaɓen katangar nan. Ruwa na uku ke nan bana."

Ya ɗaga kai ya dubi wata takarda da aka liƙa a bango, wadda ta tsufa har ta yi launin shayi. Ya ce, "Malam, a hukumance damina ba ta fara ba. Sai wata mai zuwa ake buɗe fom."

"To wannan da ke ɗiga a bokiti fa?"

"Wannan ruwa ne. Ruwa daban, damina daban. Damina sai kwamiti ya zauna."

"In na dawo wata mai zuwa za a ba ni izinin?"

"Fom dai za a ba ka. Amma ka san doka, ba a yaɓe bayan ruwan farko ya sauka. Kai da bakinka ka ce an yi uku."

Na yi masa godiya, don gaskiya a shekara huɗu da na yi ina sintiri a ofishin nan ba a taɓa yi mini bayani mai gamsarwa kamar wannan ba. Na fito ina atishawa.

Bari in koma baya don wanda bai san zancen ba. A bayan layinmu akwai wata tsohuwar katangar ƙasa, tsawonta taku sittin, tsayinta mutum biyu. Tsohuwa muke ce mata. Babu wanda ya san wanda ya gina ta, amma kowa ya san aikinta: ruwan da ke gangarowa daga unguwar tudu, ita ke tare shi ta karkata shi zuwa kwazazzabo. In babu ita, gidan farko da ruwan zai yi wa sallama shi ne nawa, ɗakin farko kuwa shi ne na surukina, Baba Magini, wanda ya dawo wurinmu da zama tun da ƙafa ta fara ba shi wahala.

Shi Baba shekara arba'in ya yi yana yi wa Tsohuwa yaɓe duk shekara kafin ruwa. A wurin mahaifinsa ya gada, shi ma mahaifin haka. Mutanen layi su kawo ƙasa da busasshiyar ciyawa, a jiƙa kwana uku, a tattake, Baba ya hau tsani. Matata, Uwargida, tun tana ƙarama ita ke tsayawa a ƙasa tana duba masa kwaɓi, in ta murza da yatsu ta ce bai yi ba, to bai yi ba. In an gama, sai Baba ya durƙusa a kusurwar gabas, can ƙasa, ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓe. Shi ke nan sa hannunsa, badi sabon yaɓe ya rufe shi.

Haka muke zaune lafiya har shekara biyar da suka wuce, da wani mamakon ruwa ya zaftare gefen kwazazzabo ya tono tukwane da ƙarafa da wasu duwatsun niƙa. Jami'a ta turo wata malama mai binciken abubuwan da ke binne a ƙasa. Mun zaci da katafila za ta zo, sai ga ta da buroshi da ɗan cokali. Mai Faci ya tsaya ya kalle ta tana share wani ɓallen tukunya tun hantsi har azahar, ya dawo ya ce mini, "Malam, in da haka nake faci, da taya ɗaya zan yi ritaya." Tun daga ranar sunanta ya koma Malama Mai Buroshi.

Baiwar Allah ce mai kirki, kuma ita ta janyo mana, ba da gangan ba. Ta duba wani gefe na Tsohuwa da ya ɗan ɓantare, ta ga yaɓe a kan yaɓe kamar shafukan littafi. Ta ƙirga sama da ɗari biyu. Ta kira Baba ta nuna masa, ta ce wannan siririn na shekarar fari ne, an yi tsimin ruwa, wannan mai kaurin kuma an yi shi ne bayan shekarar ambaliya. Ta ce na baya-bayan nan duk sun fi kauri da yawan ciyawa. Baba ya ce ai dole, ruwan yanzu ba shi da ladabi. A da yakan zo a hankali ya jiƙa ƙasa ya tafi. Yanzu ya zo tun ba a shirya ba, ya ɗauke a yi ta zafi har bango ya tsage, sannan ya dawo ya juye na wata guda a yammaci ɗaya. Malama ta ce abin da su ke kira sauyin yanayi ke nan, kuma Baba ya riga littattafansu ganinsa, da tafin hannu. Ta rubuta rahoto cewa Tsohuwa dukiya ce, a kula da ita.

Aka kuwa kula. Motoci suka zo, aka kafa allo mai ƙafar ƙarfe: KAYAN TARIHI, KADA A TAƁA. Aka ce yaɓen Baba yana ɓata asalin ginin. Malama ta yi ta rubuta wa hukuma wasiƙu cewa ai yaɓen shi ne asalin, katangar ƙasa da ba a taɓawa tudun ƙasa ce mai jiran lokaci. Aka amsa mata cewa an karɓi wasiƙarta da godiya. Allon dai, in faɗi gaskiya, ana kula da shi sosai. Sau biyu aka sake masa fenti.

Shekara huɗu babu yaɓe. Tsaga ta buɗe a gindin Tsohuwa, daidai bayan ɗakin Baba. Bara yatsa ke shiga, bana har gwiwar hannu. Kullum da safe Baba zai dogara sanda ya je ya tsaya a gabanta, hannayensa a baya kamar wanda ya je duba mara lafiya aka hana shi shiga ɗaki. Ni kuwa da nake yi wa komai ba'a, wannan tsayuwar tasa ba ta ba ni dariya, ciwo take yi mini.

Da na dawo daga ofis a jiƙe ranar Litinin ɗin, Uwargida ta miƙo mini tawul ta ce, "Malam, ka samo?" Na ce na samo mura. Baba yana zaune a kan tabarma, ya dubi sama ya daɗe, ya ce, "Wannan ruwan zai ɗauke. Akwai rana ta kwana goma a gaba, ko sha biyu. In aka rasa su, ruwan da zai biyo baya Tsohuwa ba za ta iya da shi ba." Ya faɗe shi ne kamar yana faɗin farashin gishiri. Uwargida ta shiga ɗakinsa ta fara ɗora kayansa a kan kabad.

Washegari sai ga Mai Hatimi da kansa a ƙofar gidana, cikin fara'a. Ashe Mai Girma Babban Mai Almakashi, wanda babu ƙyallen buɗe taro da ya taɓa gagararsa, zai zo ranar Asabar ya ƙaddamar da Gagarumin Shirin Ceto Kayan Tarihi Daga Sauyin Yanayi, kuma a gaban Tsohuwa za a yi. Ana so Baba ya sa tsofaffin kayan aikinsa ya nuna wa baƙi yadda mutanen da suke yaɓe.

Baba ya ce, "A jikin katangar?"

Mai Hatimi ya ce, "Haba Baba, wa ya isa? Za a kafa bangon katako a gabanta, a shafa masa fenti launin ƙasa. Ka ga ya rufe wannan tsagar ma, kada ta ɓata hoto. Kai ka yaɓa sau ɗaya, Mai Girma ya yaɓa sau ɗaya, a tafa. Kwano ɗaya na ƙasa ya isa."

Na buɗe baki zan yi rashin kunya, Baba ya ɗaga mini yatsa. Ya ce ya ji, amma kwaɓi kwano ɗaya ba ya nuna da kyau, sai an jiƙa da ɗan yawa a ɗebi na tsakiya. Mai Hatimi ya ce wannan sirrin sana'a ne, hukuma ba ta shiga. A ranar Mai Faci ya kwashe tayoyin da ke bayan rumfarsa, baro ya yi ta shiga yana fita har magariba. Ɗan yawan da Baba ya ce, na auna da ido, zai cika ƙaramar tifa biyu.

Ranar Alhamis kafintoci suka kafa bangon katako. Aka kira Baba ya duba. Ya shafa shi da tafin hannu sama da ƙasa, ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau, sai dai a ƙara masa fenti, irin mai sheƙin nan mai santsi, a yi shafi biyu don girman baƙo. Aka rubuta, aka yi. Ni a lokacin ban gane komai ba, har na ce wa Uwargida tsufa ya fara taɓa Baba. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai dai ka riƙe biro."

Asabar ta zo da rana tarwai. Ina so in yaba wa hukuma a nan, don ba kullum suka ba. Mota ashirin da uku na ƙirga, kuma ko ɗaya ba a kashe injinta ba har aka tashi, don kada kujeru su yi zafi kafin masu su su dawo. Mu da muka sha layin mai muka koma gida da tanki a bushe, ko ba komai mun shaƙi ƙamshinsa. Janareto biyu suka yi ta ruri don lasifika ta isar mana da illar hayaƙi. An kawo ƙananan bishiyoyi goma a leda aka jera, Mai Girma ya zuba wa ɗaya ruwa. Mai Faci ya ce ya gane ta, ita aka zuba wa ruwa a buɗe tashar mota bara, ga inda akuya ta gutsure mata ganye. Bayan taro na ga ana mayar da su mota, ina jin akwai wani taron a gaba.

Mai Girma ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ce kakanninmu sun bar mana amana, kuma shi da kansa ba ya runtsawa saboda tunaninta. Malama Mai Buroshi, da aka ba ta kujera a layi na shida bayan masu riƙe jaka, ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Sai aka zo wurin yaɓe. Aka sa wa Mai Girma safar hannu ta roba, aka naɗe masa hannun riga. Baba ya ce a al'adar sana'a babba ke farawa, ya miƙa masa curi guda. Masu hoto suka durƙusa. Mai Girma ya ɗaga hannu ya maka a bangon katako.

Ƙasar ta tsaya daƙiƙa ɗaya kamar tana tunani, sannan ta sulalo a hankali ta sauka a kan takalminsa na dama.

Wurin ya yi tsit, janareto kawai kake ji. Mutum uku suka yi rige-rigen goge takalmin. Aka ba shi curi na biyu, ya ƙara ƙarfi, wannan karon na hagu ya samu. Wata mata a bayana ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Fuskar Mai Girma ta fara sauyawa, ya juya yana neman wanda zai ɗora wa laifi, idonsa ya sauka a kan Mai Hatimi, wanda a take ya rame.

Baba ya matsa kusa, ya ɗan rusuna, ya yi magana a hankali, sai dai makirufo na kusa da bakinsa. "Ranka ya daɗe, ba daga hannunka ba ne. Hannu irin naka ban taɓa ganin mai kyawunsa a yaɓe ba. Ƙasa ce ba ta kama katako, 'yar'uwarta take nema. Ga inda za ta kama nan baya, taku uku ne."

Mai Hatimi ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta…"

Mai Girma ya ce, "Wace doka?"

Mai Hatimi ya ce babu.

Aka ja bangon katako gefe, tsaga ta bayyana a gaban kyamarori da bakinta a buɗe. Baba ya yayyafa mata ruwa, ya miƙa curi na uku. Mai Girma ya maka. Ta kama ram. Tafi ya ɓarke, har da na gaskiya a ciki. Daɗi ya kama shi ya nemi ƙari, ya maka na huɗu da na biyar, yana duban kyamara yana murmushi. Nan ne ni ma na ba da tawa gudummawar ga tarihi. Na ɗaga murya da toshewar hancina na ce, "Jama'a, za mu tsaya muna kallo Mai Girma na aiki shi kaɗai?"

Kafin ka ce me, baro ya fara fitowa daga bayan rumfar Mai Faci. Tsani uku suka bayyana, ban san inda aka ɓoye su ba. Malama ta cire takalmi ta shiga layin miƙa ƙasa. Mai Girma ya gaya wa 'yan jarida cewa wannan shi ne irin haɗin kan da shirinsa ya zo farfaɗowa, ya shiga mota aka yi jiniya aka tafi. Mai Hatimi ya tsaya da fayil a hammata yana kallonmu. In ya hana, ya hana aikin da Mai Girma ya fara a gaban kyamara. In ya bari, ya bar abin da ba shi da fom. A ƙarshe ya zaɓi ya tafi cin abinci.

Kwana uku muka yi. Baba ya hau tsani a rana ta farko, matakala huɗu ƙafar ta ƙi, aka sauko da shi. Sauran aikin a kan kujera ya yi shi, yana nuni da sanda, Uwargida na tsaye a kan kwaɓi tana mayar da duk baron da bai yi mata ba. Ni ma an mayar mini da biyu.

Ranar Litinin da la'asar aka gama. Aka riƙo Baba zuwa kusurwar gabas. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ya miƙa hannu bai kai ba. Mai Faci ya ce a ɗaga yaɓen sama kaɗan mana, ko ya danna a nan inda ya kai. Baba ya girgiza kai. Ya juya ya ce, "Uwata, zo." Haka yake kiran Uwargida, sunan mahaifiyarsa gare ta.

Ta ce, "Baba, ni?"

"Shekara talatin wa ke cewa ya yi ko bai yi ba? Durƙusa."

Ta durƙusa ta danna tafinta a ɗanyar ƙasa, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Da ta miƙe ba ta dubi kowa ba, ta wuce gida da sauri. Baba ya tsaya yana kallon shaidar yatsu biyar ɗin nan, ya ce, "To, na sauke." Ni dai na ce murar nan ce ke sa idona ruwa, kuma ba wanda ya ƙaryata ni.

Ruwan da Baba ya faɗa ya zo ranar Juma'a da rana, irin wanda ba ka ganin gidan da ke kallon naka. Muka tsaya a bakin taga muna jin rugugin ruwan tudu ya doki Tsohuwa, ya yi ta kumfa, ya juya ya bi tsohuwar hanyarsa zuwa kwazazzabo. Uwargida ta shiga ɗakin Baba ta sauko da kayansa daga kan kabad. Malama ta ce nan da shekara ɗari biyu, wanda ya zo da buroshinsa zai ga shafi huɗu sun ɓata a littafin, zai yi ta neman wane bala'i ne ya auka wa mutanen nan. Na ce ta bar masa wasiƙa ta gaya masa lokacin ne aka kula da mu.

Shekaranjiya kuma sai ga Mai Hatimi da kafinta da faifan gilashi. An ba da umarni a adana shaidar hannun Mai Girma don 'yan baya. Suka bi katanga taku sittin suna nema, alhali inda ya maka ƙasarsa tun ranar Asabar yaɓe ya bi ta kai. Can suka iso kusurwar gabas. Mai Hatimi ya tsuguna, ya dubi hannun, ya dube ni.

"Malam, wannan ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai duk katangar nan hannu ɗaya na gani."

Ya ce ya ɗan yi ƙanƙanta. Kafinta ya ce ƙasa in ta bushe tana tsukewa. Aka buga gilashi, aka liƙa farantin tagulla mai cewa wannan hannun Mai Girma ne, kuma kasancewarsa can ƙasa shaida ce ta tawali'unsa. Na tambayi Baba yadda za a yi da gilashin badi in lokacin yaɓe ya zo. Ya ce kusoshi huɗu ne, kuma a ajiye bangon katakon nan kada a ƙona shi, baƙo mai albarka ba a gayyatarsa sau ɗaya.

Ni kuwa ga ni nan da mura da ciwon baya na turin baro. Ɗazu na roƙi Uwargida ta ɗan danna mini kafaɗa da man zafi. Ta ɗaga hannun dama ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Malam, ka manta wannan kayan tarihi ne? Ba a taɓawa sai da izini." Na ce to a ba ni izinin. Ta ce in dawo wata mai zuwa, lokacin ake buɗe fom.